Yaron da Ke Ƙera Jirgin Yaƙi da Kara: A Ba Shi Rula, A Ba Shi Tarihi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zamfara ya san kaka ba hatsi kaɗai take kawowa ba. Da zarar an yanke dawa da gero, an ɗaure dami an kai rumbu, sai kara ya wadata ko'ina. Maza su yi darni da shi, mata su hura wuta, dabbobi su ci ganyen, abin da ya saura kuwa rabon yara ne. Da shi ake motar kara, a haɗa da langa-langa da gwangwani da tsohon silifas. A Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, yaran da suka ga zamanin jirgin gyaɗa sun riƙa jera gwangwanaye suna ɗaurewa da zare, suna ja suna kukan jirgi da baki. A Shinkafi, garin babbar kasuwar Alhamis, gingimari ce gwana, da bodinta da tsaninta da kirarin da ake rubuta mata a goshi. Yaro dai abin da idonsa ya gani shi hannunsa ke ƙerawa.

A 'yan shekarun nan abin da idon yaran Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ke gani ya sauya. Jirgin ƙasa ya yi wuyar gani, manyan motoci sun rage bin wasu hanyoyin saboda ɓarayin daji, sama kuwa ta cika da rugugi. Tun ƙarshen Yulin 2018, lokacin da rundunar sojin sama ta ƙaddamar da farmakin da ta kira Diran Mikiya, jiragen yaƙi ke ratsa samaniyarmu zuwa dazukan Dumburum da Sububu. Yaron da aka haifa a waccan shekara yanzu ya isa firamare, kuma da ƙarar jirgi ya buɗe ido. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga jirgin kara ya fara ture motar kara a hannun yara, har da 'yan guntayen totuwa biyu a maƙale ƙarƙashin fiffike, waɗanda kowa ya san me ake nufi da su.

Iyaye da yawa abin yana tayar musu da hankali, kuma suna da dalili. Wanda ya binne ɗan'uwa, ko ya kwana a daji yana gudun harsashi, ba zai so ya ga ɗansa yana wasa da siffar abin kisa ba. Wasu sukan ƙwace jirgin su karya, su cusa a murhu. Ra'ayina shi ne kada a karya. A bar wa yaron jirginsa, a ƙara masa abu biyu da ya rasa: rula da tarihi. Da rula wasan nan zai zama ilimin ƙere-ƙere, da tarihi kuma yaron zai san nauyin abin da yake riƙe da shi.

Kafin a yanke wa yaron hukunci, a tsaya a kalli abin da hannunsa ke yi. Yakan zaɓi karan dawa mai kauri, wanda ya bushe sarai kuma tsutsa ba ta huda shi ba. Ya sa reza ya ɓare ɓawon a tsaye, siri-siri, ya tara a gefe, domin su ne ƙusoshinsa, su ne kuma haƙarƙarin fiffike. Gaɓar da ta fi kauri ita ce gangar jiki, ya fiƙe gabanta ta yi hanci. Ya tsaga totuwa ya jera a kan tsinkayen ɓawo har fiffike ya samu, sa'an nan ya soke shi a jikin gangar. Ya ɗora murfin kwalba a kan tsohon silifas ya zagaye da reza, tayu sun fito. Farfela daga gwangwanin madara take, a huda tsakiyarta da ƙayar aduwa, yadda in ya ruga a guje iska za ta juya ta. Rufin kan matuƙi kuwa daga wuyan gorar roba yake yanko shi. Fentinsa jar ƙasa ce da bula da baƙin tukunya. In ya gama sai ya ɗora jirgin a kan ɗan yatsa ya saki. Idan ya rinjaya baya, ya cusa tsakuwa a hanci ya sake gwadawa. Babu malamin da ya gaya masa cewa injiniyoyi ma sai sun nemo wannan matsayar nauyi kafin jirgi na gaske ya bar ƙasa. Ido da hannu ne suka koya masa.

Abin da ba shi da shi awo ne. Fiffikensa yakan yi tsawon da karan ya ba shi, wutsiyarsa kuma yadda ta zo. Masu wannan sha'awa a wasu ƙasashe, waɗanda da yawansu magidanta ne, suna da ƙa'ida guda da ba sa ƙetarewa: kowane sashe na ƙaramin jirgi dole ya zama kaso ɗaya tak da aka yanka daga na babban. Kason da ya fi shahara shi ne ɗaya bisa 72, wanda aka fara yayinsa a Ingila a farkon shekarun 1930. Inci ɗaya a hannunka ƙafa shida ce a jikin jirgi. Dogon mutum mai tsawon ƙafa shida, in aka rage shi da wannan lissafi, inci ɗaya zai dawo.

A gwada da jiragen da yaranmu suka sani. Alpha Jet, wanda kamfanonin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus suka ƙera, Najeriya kuma ta sayi 24 a farkon shekarun 1980, faɗin fukafukansa mita 9.11 ne. A raba da 72, a sami santimita 12 da rabi da ɗan ɗoriya. Super Tucano mai farfela, ƙirar kamfanin Embraer na Birazil, wanda aka sayo 12 ta hannun Amurka, shida na farko suka sauka a Kano a Yulin 2021, nasa faɗin mita 11.14 ne, wato santimita 15 da rabi. Yaron da ya yi wannan lissafi da kansa, ya ajiye jiragen biyu kusa da juna, dole ya yi tambaya: don me mai farfela ya fi mai tsananin gudu faɗin fiffike? Don me na ɗaya miƙaƙƙe ne, na ɗayan kuma ya karkata baya? Amsar ita ce jirgin da ke tafiya a hankali yana bukatar faffaɗan fiffike miƙaƙƙe kafin iska ta ɗauke shi, mai gudu kuwa gajere mai karkata ya fi yi masa sauƙin keta iskar. Yaron da ya kai ga wannan tambaya ya riga ya shiga ajin kimiyya da ƙafarsa. Rabawa da ninkawa da kaso, waɗanda malamin lissafi ke fama da su a allo yara suna hamma, ga su nan sun zama abin da yaro ke nema da kansa, domin yana son jirginsa ya fi na abokinsa kama da na gaske.

A can ƙasashen, kamfanoni irin su Airfix suna sayar da jirgin a kwali, gunduwa-gunduwa na roba. Mai haɗawa ya yanko kowane sashe, ya goge bakinsa da samfefa, ya fara fentin kujerar matuƙi da allon agogunansa tun kafin ya manne ɓarayin gangar biyu, don in ya rufe hannu ba zai sake kaiwa ba. Ya cike tsagar da ta rage, ya sake gogewa, ya shafa fenti shafi-shafi yana jiran kowanne ya bushe, ya liƙa lambobi da tambari, har baƙin hayaƙin da ke bin fiffike daga bakin salansa sai ya zana. Aikin yakan ci makonni. Kuɗin irin wannan kwali da na kawo shi sun fi ƙarfin talakan Zurmi, kuma ban ga bukatarsa ba. Wanda ya haɗa abin da injin ya riga ya zuba masa bai kai wanda ya fitar da kowane sashe daga kara da kwali da gwangwani wahala ba. Abin da yaronmu ke bukata takarda ɗaya ce mai zanen jirgin ta fuska uku, ta sama da ta gaba da ta gefe, da awonsa a rubuce, sai rula da fensir da gam. Kuɗinsu duka bai kai na katin waya na mako ba.

Mai ganin wannan wasan banza ne ya duba abin da Amurka ta yi a 1942, watanni kaɗan bayan shigarta Yaƙin Duniya na Biyu. Rundunar sojin ruwanta da hukumar ilimi suka roƙi ɗaliban makarantu su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da itace, a kan wannan awo na ɗaya bisa 72, a shafe su da baƙin fenti. Aka rarraba zane-zanen ga makarantu, aka sa masu dubawa suna mayar da duk wanda ya kauce wa awo. Da waɗannan jirage aka horar da matuƙa da masu harbo jirage su bambance na gida da na abokan gaba a cikin ƙiftawar ido. Ƙasar da ke da manyan masana'antu ta ga hannun yara abin dogaro ne a ranar tsanani. Tun kafin nan ma, Wilbur da Orville Wright, 'yan'uwan nan biyu da suka tashi da jirgi mai inji ranar 17 ga Disamba 1903, masu gyaran keke ne. Sha'awarsu ta samo asali daga ɗan abin wasa na gora da takarda da roba da mahaifinsu ya kawo musu a 1878. Kafin su yi nasara sai da suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a cikin akwatin iska da suka haɗa da kansu a 1901. Babban jirgi daga ƙarami yake farawa, har gobe haka ake yi a masana'antu.

Sai abu na biyu, tarihi. Yawancinmu mun ɗauka labarin jiragen yaƙi na Turawa ne, mu 'yan kallo ne. Ba haka abin yake ba. Jiragen da suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, waɗanda da su ake fara lissafin tarihin jirgin sama a Najeriya, guda uku ne samfurin DH.9A na sojin saman Ingila. Sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, kuma asalin ƙirarsu ta jefa bama-bamai ce. Shekara 15 bayan haka, da yaƙin Hitila ya toshe hanyar Bahar Rum, Ingila ta rasa yadda za ta kai jirage fagen daga a Masar. Sai aka riƙa kawo su a akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, su ratsa Darfur zuwa Khartum, su bi kogin Nilu har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940: jirgi mai jefa bam samfurin Blenheim guda a gaba, saboda shi ke ɗauke da mai duba hanya, ƙananan jiragen Hurricane shida suna bin sa. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Ta dame Jamusawa har a Janairun 1942 suka turo jirgin Heinkel guda daga Libiya, ya keta Sahara ya ƙona ma'ajiyar man jirage a Fort Lamy.

Kakanninmu ba su tsaya kallo ba a wancan zamani. Leburorin ƙasar nan ne suka share filayen da jiragen suka sauka. Da Japan ta mamaye ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1942, Ingila ta matsa lamba a kan gyaɗar Arewa, kuma tashar Ƙaura na cikin wuraren da aka riƙa loda ta. Da gudummawar kuɗin mutanen ƙasar nan aka sayi jiragen Spitfire, har wata rundunar sojin saman Ingila, ta 91, ta ɗauki sunan Najeriya. Samarinmu da suka tafi yaƙin Bama a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan ta sama ake jefa musu abinci da harsashi. Yaron Ƙaura da ya ƙera Blenheim mai faɗin santimita 24, da injinansa biyu da mazaunin mutum uku, ya yi masa fentin ruwan ƙasa a sama da shuɗi-shuɗi a ciki irin na jiragen hamada, tarihin gidansu yake ƙerawa. In ya ƙara da Hurricane, ya manna mata matatar iskar nan da ake sa wa a ƙarƙashin hanci don kada ƙura ta ci inji, zai gane cewa hazon da ke rufe mana gari a hunturu ya taɓa zama matsalar manyan injiniyoyin duniya.

Amma tarihin da nake nufi cikakke ne, ba rabi ba, kuma a nan ne masu tsoron wannan wasa suka fi ni hujja idan aka yi sakaci. Jirgi mai jefa bam yana da kyan gani a kan tebur, ƙarƙashinsa kuwa mutane ne. Lancaster, shahararren jirgin Ingila mai inji huɗu da ma'aikata bakwai, wanda aka ƙera 7,377, a kan awonmu faɗinsa santimita 43 ne, kuma masu haɗa ƙananan jirage suna ji da shi. Cikinsa baƙi ne saboda da dare yake aiki. Irinsa na cikin waɗanda suka yi wa Hamburg ruwan wuta a Yulin 1943, mutum kusan 40,000 suka hallaka, suka kuma ƙona Dresden a Fabrairun 1945, inda kimanin 25,000 suka mutu. Su ma na cikin jiragen ba su tsira ba: rundunar jefa bama-bamai ta Ingila ta rasa ma'aikatan jirgi 55,573, yawancinsu samari. A yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, jirgin B-26 na Biyafara ya kai wa filin jirgin Kano hari, jiragen Ilyushin 28 da MiG na tarayya kuma sun yi ɓarin wuta a Gabas, inda kasuwanni da asibitoci ba su tsira ba. Wasu daga cikin jiragen wancan yaƙi suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia.

Mu a nan ba sai an karanta mana littafi ba. A Afrilun 2019 majalisar sarakunan Zamfara ta fito fili ta yi ƙorafin cewa hare-haren sama sun taɓa fararen hula a wasu ƙauyuka, ciki har da Dumburum ta ƙasar Zurmi, rundunar sojin sama kuma ta musanta. A Janairun 2025, a Tungar Kara, jirgi ya yi kuskuren buɗe wa 'yan sa-kai da mutanen gari wuta, waɗanda suka fito bin sawun ɓarayi, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 16, gwamnatin jiha ta yi ta'aziyya. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, jirgin sojin ƙasa marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai ƙauyukan da ƙarar jirgi ce ta tarwatsa maharan da suka kewaye su, akwai waɗanda aka sace da suka kuɓuta a cikin ruɗanin luguden wuta. Akwai kuma matuƙin nan, Abayomi Dairo, wanda 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet ɗinsa ranar 18 ga Yuli 2021 yana dawowa daga aiki a yankinmu, ya dira da lema, ya bi daji cikin dare har ya isa wurin sojoji. Wannan duka gaskiya ce, kuma yaranmu sun ji ta a bakin manya a gindin bishiya, guntu-guntu, gauraye da jita-jita da fushi.

Shi ya sa nake ganin karya jirgin kara ba ya maganin komai. Tsoron yana nan a zuciyar yaron, tambayoyin suna nan, an dai raba shi da hanyar da yake fitar da su. Gara malami ko uba ya zauna da shi a kan jirgin, ya tambaye shi wane iri ne, mutum nawa ke ciki, daga wane nisa matuƙi ke hango ƙasa, me zai iya bambancewa daga can. Yaron da ya san mutum inci ɗaya ne a gefen jirginsa, ya ajiye wannan inci a ƙasa ya ja da baya taku ashirin, zai fahimci yadda mai bin sawun shanunsa a kan babur ke iya kama da wanda ya sace su. Zai gane don me ake bukatar sahihin bayani daga ƙasa kafin a saki wuta, don me kuma wajibi ne a yi bincike a biya diyya in an yi kuskure. Irin wannan yaro, in ya girma ya zama matuƙi, zai yi taka-tsantsan da ran talaka. In ya zama ɗan jarida ko ɗan majalisa, zai san tambayar da zai yi. Don haka nake ba da shawarar duk jirgin da yaro ya ƙera a makaranta a ajiye shi da 'yar takarda a gefe: sunansa, ƙasar da ta ƙera shi, shekara, awonsa, inda ya yi aiki, da waɗanda suka mutu a cikinsa da ƙarƙashinsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. A Satumban 2021 an rufe makarantu a faɗin jihar nan, an rufe kasuwannin mako, an katse layukan waya. Har yau akwai ƙauyukan da malami ba ya iya kwana a cikinsu, akwai yaran da gudun hijira ya zube su a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ba aji ba sana'a. Kowa ya san masu zawarcin irin waɗannan yara, kuma kowa ya san abin da suke miƙa musu. Yaro mai kaifin ido da ƙwarewar hannu, wanda zai iya kallon abu sau ɗaya ya kwaikwaye shi, shi ne wanda bai kamata mu bari ya zauna hannu rabbana ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ba mu nuna masa cewa baiwarsa tana da daraja a cikin gari ba, wani zai nuna masa tana da farashi a daji.

Kuma hanyar ba mafarki ba ce, an bi ta a gabanmu. A 2007 wani ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfi a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, daga zane ya fara, ya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi zuwa Detroit, ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta ƙasa. A Kaduna aka haɗa jiragen koyon tuƙi 60 da ake kira Air Beetle, a can kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi na sojin sama, a Fabrairun 2018. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama tana Zariya tun 1964, cibiyar fasaha ta sojin sama tana Kaduna. Ga filin jirgin Gusau da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, wanda zai bukaci makanikai da masu lantarki da masu kula da hasumiya. In ba mu shirya 'ya'yanmu ba, daga wani wuri za a kawo masu yin aikin, namu su tsaya dako a bakin ƙofa.

Wani zai kawo batun addini, ya ce ƙera siffa fa? Abin da malamai suka yi magana a kai siffar mai rai ce. Jirgi da mota da gida ba su da rai, kuma ba a san malamanmu da hana motar kara ba. Wani kuma zai kawo batun tsaro, tunda a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a samaniyar Zamfara, jirage marasa matuƙi kuma sai da izini. Wannan gaskiya ne, a kiyaye shi. Jirgin da nake magana a kai na ajiyewa ne a kan tebur, ba inji ba batir, ba ya tashi ko taku ɗaya.

Saura aiki, kuma ba mai tsada ba ne. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ita ce ta fi cancanta ta ja gaba. Ɗalibanta na injiniya su zana jirage goma ta fuska uku a kan awo ɗaya, da taƙaitaccen tarihin kowanne da Hausa, a buga a raba wa makarantun ƙananan hukumomin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. A sa Blenheim da DH.9A da Alpha Jet, a sa kuma jirgin alhazai da na ɗaukar marasa lafiya da na feshin gona, don yaro ya san sama ba ta yaƙi kaɗai ba ce. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka lokacin da kara ya wadata, a yi gasa a harabar kwalejin, alƙalai su zo da rula, a ba da maki a kan awo da tsabtar aiki da bayanin da yaro zai yi da bakinsa. A shigar da 'yan mata, domin hannun da ke saƙa faifai da hula ya san awo da haƙuri. A shigar da almajirai da 'yan gudun hijira, kada a ce sai mai rigar makaranta. Sarakunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su sa albarka, 'yan kasuwar Shinkafi su ɗauki nauyin kyaututtuka, kafintoci da maƙera da masu walda su karɓi waɗanda suka yi fice su koya musu aiki. Rundunar sojin sama ta turo injiniya ko matuƙi ya zauna da yaran ya amsa tambayoyinsu, har da masu ɗaci, domin amana da mutanen ƙasa tana cikin kayan yaƙi. Ma'aikatar ilimi ta jiha kuma ta ba duk wanda ya zo na ɗaya gurbin karatu a makarantar kimiyya ko ta fasaha.

Kafin hukumomi su motsa, iyaye da malamai muna da abin da za mu iya tun wannan kakar. Ya kai uba, in ka tarar da ɗanka a zaure da reza da kara yana fiƙe hancin jirgi, kada ka ƙwace. Tambaye shi sunan jirgin, ka saya masa rula da fensir, ka gaya masa abin da ka sani na alheri da sharrin abin da yake ƙerawa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, Ya sa hannuwan 'ya'yanmu su zama masu gina ƙasa.